Daga Inuwar Sanda Zuwa Shekarun Sararin Samaniya: Yadda Ake Auna Sama Daga Tsakar Gida

In mai azumi a Gusau ya kai dabino baki, ɗan'uwansa na Birnin Kebbi sai ya ƙara haƙuri na kusan minti goma, alhali agogonsu ɗaya ne. Dalilin ba boyayye ba ne. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya a kowane minti huɗu. Gusau tana gabas da Birnin Kebbi da kimanin digiri biyu da rabi, saboda haka rana takan riga faɗuwa a can. Duk wanda ya gane wannan ɗan lissafi ya sa ƙafa a ilimin falaki. Abin takaici shi ne yadda mutane da yawa, da sun ji an ce ilimin taurari, sai hankalinsu ya tafi ga duba da bugun ƙasa. Falaki awo ne: ina abu yake, nisansa nawa, da me aka yi shi, yaya yake tafiya. Awon kuwa hawa-hawa ne kamar tsani, kowane mataki yana dogara da na ƙasansa, kuma matakan farko kowa zai iya taka su a gidansa.

A fara da sanda. A samo miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya, a kafa ta a wuri shimfiɗaɗɗe inda rana ke bugawa, a rataya dutse da zare kusa da ita don a tabbatar ba ta karkata ba. Daga ƙarfe sha ɗaya da rabi zuwa ɗaya da rabi, duk minti goma a sa tsakuwa a kan inuwar. Inda inuwar ta fi gajarta, nan ne tsakiyar rana, daga nan zawali ke farawa, kuma layin inuwar a wannan lokaci shi ne layin kudu da arewa na gaskiya. Ba a ƙarfe sha biyu yake faɗowa ba. Agogon Najeriya an ɗaura shi ne a kan layin digiri 15 na gabas, mu kuwa muna yamma da shi sosai, don haka tsakiyar rana a Birnin Kebbi takan kama wajen 12:43, a Gusau wajen 12:33, tana gaba tana baya da kusan kwata a cikin shekara. Abubuwa uku ke ɓata wannan awo: sanda mai karkata, ƙasa mai gangara, da kan sanda mai kauri wanda inuwarsa ba ta da baki. A soka ƙusa a samanta, matsalar ta uku ta kau.

Wanda ya daure ya maimaita awon sau ɗaya a mako zai ga abin mamaki. A Birnin Kebbi, wajen 21 ga Disamba inuwar tsakar rana tana nuna arewa, tsawonta kusan santimita 72. Daga nan sai ta riƙa raguwa, har wajen 22 ga Afrilu ta ɓace ƙarƙashin sandar, rana ta tsaya tsakar ka. Sai ta ɓullo ta kudu, ta kai kusan santimita 19 a ƙarshen Yuni, ta dawo ta sake ɓacewa wajen 20 ga Agusta. Abin da ke kawo haka shi ne duniya a karkace take da digiri 23.4 yayin da take kewaya rana. Wannan karkata ita ce uwar bazara da damina da hunturu. Akwai masu zaton zafi na zuwa ne in duniya ta matso kusa da rana, amma a farkon Janairu, lokacin da muke rawar ɗari, a lokacin ne muka fi kusa da ita, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Zafin Afrilu na tsayuwar rana ne a tsakar ka ba tare da gajimaren da zai tare ta ba.

Da wannan sanda ake gyara alƙibla ba tare da wata na'ura ba. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Kada a kalli ranar da ido, a bi inuwar sanda: daga kan inuwar zuwa gindin sandar, nan ne alƙibla. Daga Kebbi ba gabas sak ba ce, gabas ce da karkata zuwa arewa da kimanin digiri 20, abin da masu aza harsashin masallaci ya kamata su riƙe.

Da inuwa aka fara auna girman duniya. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, Eratosthenes a Masar ya lura a ranar da rana ke tsakar ka a Aswan, a Iskandariyya tana karkace da kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin. Makaranta a Yauri da wata a Argungu za su iya maimaita wannan a rana ɗaya, domin kusan a layi ɗaya suke kudu da arewa. Bambancin kusurwar inuwarsu zai kusa digiri biyu, nisansu a miƙe, ba ta hanyar mota ba, kilomita 200 ne da 'yan kai, lissafin kuwa zai kai su kusa da kilomita 40,000, kewayen duniya.

Da dare hannu ne ma'auni. A miƙa shi iyakar tsawonsa: faɗin ƙaramin yatsa digiri ɗaya ne, dunƙulen hannu digiri goma. Daga Maris zuwa Yuni, bayan isha'i, a fuskanci arewa a nemi taurari bakwai masu siffar ludayi. Biyun da ke bakin ludayin, in aka ja layi daga gare su har ninki biyar na tsakaninsu, za a faɗa kan tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa duk dare. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan wuri daga tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta kudu da arewa, a wurinmu kusan digiri 12, dunƙule ɗaya da yatsu biyu. Masu nemansa sukan kuskure saboda zaton shi ne mafi haske, alhali matsakaici ne, kuma ƙurar hunturu ko bishiyar maƙwabci kan rufe shi. Zamanmu kusa da tsakiyar duniya wata baiwa ce: muna ganin taurarin arewa, muna kuma ganin na kudu irin su Suhailu, waɗanda mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga ƙasarsa ba.

Kowane dare taurari suna riga fitowar jiya da minti huɗu, awa biyu ke nan a wata, saboda duniya ta ɗan gusa a hanyarta ta kewaya rana. Shi ya sa kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, takan fito da magariba a Nuwamba, ta ɓace cikin hasken rana a Mayu, ta sake ɓullowa da asuba a Yuni, daidai lokacin da manomi ke sa ido ga ruwan shuka. Lissafin malaman hisabi na taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, wanda ke haɗa kwana 365, a kan wannan juyi aka gina shi. Kalanda ce ta rana, kuma ingantacciya. Sai dai tauraro alamar lokaci ne, ba shi ke saukar da ruwa ba, iskar da ke tasowa daga teku ce ke kawo shi, shi ya sa shekara kan saɓa wa shekara.

Wata ya fi komai jawo gardama a wurinmu, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ba shi da hasken kansa, rabinsa da ke fuskantar rana ne ke haske, mu kuma muna ganin wani yanki na rabin gwargwadon inda ya tsaya. Kowace rana yana gusawa gabas da kusan digiri 13, don haka fitowarsa ke jinkiri da kimanin minti 50. Daga haihuwa zuwa haihuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, dalilin da ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ta yi kwana 354 ko 355, azumi ya riƙa matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara.

Haihuwar wata daban, ganinsa daban. Haihuwa ita ce lokacin da ya daidaita da rana, kuma ana iya lissafa ta har minti. Gani kuwa sai ya nisanci rana. In tsakaninsu bai kai digiri bakwai ba, ko da madubin hangen nesa da wuya a ga komai, kuma da ido zalla ba kasafai ake ganin jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba. Ana so ya saura a sama kamar minti 40 bayan faɗuwar rana. Mai nema ya je wurin da yamma take a buɗe, ya lura da daidai inda rana ta faɗi, ya fara dubawa bayan minti 15 zuwa 20, dunƙule ɗaya sama da wurin. Cikin jinjirin, wato gefensa mai haske, dole ya fuskanci inda rana ta faɗi, ƙahonninsa su juya mata baya. In an ga akasin haka, ba wata ba ne. Zara, da siririn gajimare da rana ta haska, da farin hayaƙin jirgin sama, su ne suka fi ruɗin masu gaskiya. Lissafi ba ya ƙwace hurumin Sarkin Musulmi na sanar da tsayuwar wata, yana taimaka wa masu tantance shaida ne: in wata ya riga rana faɗuwa a wannan yammaci, babu idon da zai gan shi.

Da hanyar wata ta yi daidai da ta rana, da kowane wata an yi husufi. Amma a karkace take da digiri biyar, sai jefi-jefi rana da duniya da wata ke jeruwa. Abin da yara ke kira rana ta kama wata inuwar duniya ce ta faɗa kansa, kuma ba ya faruwa sai daren sha huɗu ko sha biyar. Na rana kuwa sai ƙarshen wata, lokacin da wata ya shiga tsakani. Rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta ruf, kamar yadda ya faru da hantsin 29 ga Maris 2006, da duhu ya rufe Gusau na 'yan mintuna. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, ya kuwa faɗa wa mutane cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Kallon husufin rana da baƙin tabarau ko gilashin da aka turara da hayaƙi na ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. A ɗaga rariya a kalli inuwarta a ƙasa, kowace huda za ta nuna siffar ranar.

Gamzaki na asuba da Zara matar wata abu ɗaya ne, duniyar Zuhura, wadda ba ta taɓa nisantar rana da fiye da digiri 47, don haka ba a ganinta da tsakar dare. Duniyoyi ba sa ƙyaftawa kamar taurari, haskensu a tsaye yake. Da madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, in an jingina shi a katanga don kada hannu ya yi rawa, za a ga ɗige-ɗige har huɗu a jere kusa da duniyar Mushtari. Watanninsa ne, waɗanda Galileo ya gani a 1610, kuma suna sauya wuri daga dare zuwa dare. Wani lokaci ma sama kan aiko da saƙo: ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin ƙasar Katsina, bincike ya nuna daga duniyar Mirriku ya fito.

Nisan waɗannan abubuwa ya fi ƙarfin kwatancen kilomita, sai an rage su. A ce rana ƙwallon ƙafa ce a tsakiyar fili. Duniya ƙwayar gero ce a nisan mita 24, wata na kewaya ta a tazarar santimita shida. Mushtari kamar ɗinya ne a nisan mita 120 da ɗoriya, Naftun, ta ƙarshe, tana mita 700. Tauraro mafi kusa da rana fa? In ƙwallon tana Birnin Kebbi, sai an yi tafiyar kilomita sama da 6,000, a wuce Makka da nisa, kafin a tarar da shi. Shi ya sa ake auna nisa da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Daga wata haske kan iso cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, daga rana minti 8 da daƙiƙa 20, daga wancan tauraro shekara huɗu da wata uku, daga Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi shekara takwas da rabi, daga kaza da 'ya'yanta kusan shekara 440.

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce wa ya je ya auno. A miƙa yatsa, a rufe idon dama, a buɗe a rufe na hagu: yatsan zai yi tsalle, kuma in an matso da shi tsallen zai ƙaru. Haka ake yi wa tauraro, a ɗauki matsayinsa yau, a sake bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, tazarar kilomita miliyan 300. Tsallen ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa sai a 1838 Friedrich Bessel ya iya auna shi. Ga na nesa, wannan dabara ba ta kai ba, sai aka hau mataki na gaba. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna akwai wasu taurari masu ƙaruwa da raguwar haske, waɗanda tsawon lokacin bugunsu ke bayyana ainihin ƙarfinsu. In ka san ƙarfin fitila, dushewarta za ta gaya maka nisanta. Da wannan Edwin Hubble ya tabbatar a shekarun 1920 cewa farin hazon nan da ke ratsa sama, garken taurarinmu mai ɗauke da taurari sama da biliyan 100, ɗaya ne kawai cikin garkuna masu ɗimbin yawa.

Hasken da kansa yana ɗauke da labari. In aka warware shi zuwa launukan bakan gizo, akan ga siraran layuka, kowane sinadari da nasa, kamar tsagar fuska da ke nuna asalin mutum. Ta haka aka san rana galibinta haidurojin ce da hiliyom, tana haɗe na farko ya zama na biyu a cikinta mai zafin digiri miliyan 15, shekara biliyan 4.6 ke nan. Ta haka kuma aka ga layukan garkuna masu nisa sun gusa wajen ja, alamar suna nisantar mu. Georges Lemaître a 1927 da Hubble a 1929 sun nuna cewa gwargwadon nisan garke, gwargwadon saurin tafiyarsa. Sararin ne kansa ke buɗewa, kamar ƙullin fanke da ke kumbura, duk ƙwayar riɗin da ke ciki tana ganin sauran suna guje mata. In aka bi lissafin da baya, za a kai lokacin da komai yake a cure da tsananin zafi, shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Sunan da aka ba abin, babbar fashewa, yana ɓatar da mutane, domin babu wani fili da aka fashe a cikinsa, kuma nazarin yana bayanin yadda sarari ya kasance ne tun daga wancan hali, ba ya da'awar sanin abin da ya gabace shi. Hujjarsa mafi ƙarfi ta zo a 1965, da Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da rahoton wani raunannen haske da ke zuwa daga kowace fuska, ragowar zafin farko ne da ya huce. Masana kansu sun yarda abin da suka sani kaɗan ne: duk taurari da duniyoyi da ƙura kashi biyar ne cikin ɗari, kusan 27 wani abu ne da ba a gani sai ta jan da yake yi, sauran 68 kuma shi ke ƙara wa buɗewar sauri, kamar yadda aka gano a 1998.

Ana iya ganin wani yanki na wannan da ido. Ba sai an fita daji ba, halin tsaro ma bai bari, tsakar gida ko filin makaranta a daren da aka ɗauke wuta ya isa. Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, damina ta wanke sama, ƙura ba ta sauko ba, a daren da babu farin wata. A kashe fitila, a ajiye waya, domin ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, leƙa waya sau ɗaya kuma ya mayar da aiki baya. A tsakiyar Nuwamba, tsakanin tara da goma na dare, a fuskanci arewa a nemi taurari biyar masu siffar harafin M. Daga ƙololuwar hagu, wadda ta fi haske, a hau sama dunƙule ɗaya da rabi. Akwai ɗan tabo fari kamar ɓurɓushin auduga, wanda ya fi fitowa in an kalli gefensa maimakon tsakiyarsa. Garken Andromeda ke nan, hasken da ke shiga idon mai kallo ya baro can shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce.